Zaman 'Yan Marina: Yadda Muka Zaɓi Garin da Za Mu Zauna a Bayan Birnin Washinton

Shekara shida muka yi muna haya a wani gida mai ɗaki biyu a cikin birnin Washinton kafin maganar tashi ta zama dole. Babbar 'yarmu tana gab da kammala aji huɗu na firamare, ƙanenta ya shiga aji ɗaya, kuma ɗakin da suke kwana a ciki ya riga ya yi musu kaɗan. Tun farko ni da mai ɗakina mun san cewa sayen gida a cikin birnin ya fi ƙarfin aljihunmu, saboda haka muka karkata ga garuruwan da ke kewaye da shi ta ɓangaren jihar Maryland, irin waɗanda mutum yake kwana a cikinsu, gari ya waye ya kama hanyar birni don aiki. Sharuɗɗa biyu kawai muka gindaya wa kanmu. Muna son makarantar gwamnati mai nagarta, muna kuma son garin da jama'arsa suka cuɗanya, inda 'ya'yanmu ba za su zama su kaɗai ne baƙar fata a cikin aji ba, kuma ba za su tashi ba su san kowa ba sai masu kama da su. Mun ɗauka abu ne da za a warware a gaban kwamfuta cikin mako ɗaya ko biyu, sai ga shi mun shafe wata takwas.

Wanda bai zauna a Amurka ba zai iya mamakin abin da ya haɗa neman gida da neman makaranta. A nan adireshin gidanka ne yake yanke makarantar gwamnatin da ɗanka zai shiga. Akwai hukumomin makarantu fiye da 13,000 a ƙasar, kowace da iyakarta, kuma a cikin kowace an sake yanka taswira, an ce gidajen wannan titi na wannan makaranta ne, na wancan titi kuma na waccan. Kuɗin tafiyar da makarantun ma akasari ba daga gwamnatin tarayya yake zuwa ba, domin abin da take bayarwa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran jiha ce da ƙaramar hukuma suke ɗauka kusan rabi da rabi, kuma mafi yawan kason ƙaramar hukuma daga harajin gidaje yake fitowa. Inda gidaje suke da tsada, ɗan haraji kaɗan ya isa ya tara kuɗi mai yawa, inda kuwa suke da araha, ko an tsauwala wa mutane harajin ba zai kai ba. A shekarar 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan ƙarar da wasu iyaye daga San Antonio ta jihar Texas suka shigar suna ƙalubalantar wannan tsari, alƙalai biyar cikin tara suka ce bai saɓa wa tsarin mulkin ƙasa ba. Ita kuwa iyakar ba a wasa da ita, domin a shekarar 2011 wata uwa a jihar Ohio ta yi kwana tara a kurkuku saboda ta rubuta adireshin mahaifinta don 'ya'yanta mata su samu shiga makarantar garin da ke maƙwabtaka da nasu.

Jihar Maryland tana da ɗan sassauci a wannan fanni, domin hukumomin makarantunta 24 ne kacal, ɗaya a kowace gunduma cikin gundumomi 23, sai kuma ta birnin Baltimore, alhali jihar New Jersey tana da kusan 600. Ke nan kuɗin harajin gunduma guda ana zuba shi a tukunya ɗaya. Amma layin da ke cikin gundumar yana nan daram, kuma kasuwar gidaje ta haddace shi fiye da kowa. Mun taɓa ganin gidaje biyu iri ɗaya sak, da alama kamfani ɗaya ya gina su a zamani ɗaya, babban titi ne kawai ya raba su, amma tazarar farashinsu ta haura dala 100,000, don na hannun dama yana ƙarƙashin wata sakandare, na hagu yana ƙarƙashin wata.

Kamar kowa, da makin makarantu muka fara. Manyan shafukan tallar gidaje irin su Zillow suna nuna wata lamba daga 1 zuwa 10 a ƙarƙashin kowane gida, wadda ƙungiyar GreatSchools take bai wa makarantun unguwar. Muka ce kada a nuna mana gidan da makarantarsa ba ta kai 8 ba. Nan take taswirar ta tsuke, farashi ya yi sama, kuma da muka fara zagayawa a ranakun Asabar sai muka lura cewa fuskokin da muke gani a filayen wasan yara ma sun sauya. Sharaɗinmu na farko yana cinye na biyu muna kallo.

Wadda ta fara ankarar da mu wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu a gidan haya, baƙar fata 'yar asalin ƙasar, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa kafin ta yi ritaya, yaranmu kuma suna ce mata Kaka. Da mai ɗakina ta nuna mata jerin makarantun da muka ware, sai ta cire tabarau ta ce wannan lamba ta fi ba da labarin iyayen yara a kan labarin malamansu. Ban gamsu ba a ranar, amma da na zauna na karanta sai na tarar maganarta tana da tushe. Matsakaicin makin jarrabawa na makaranta yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da arzikin iyaye da zurfin karatunsu, abin da aka sani tun rahoton da James Coleman ya jagoranta a shekarar 1966. Yaron da ya shigo aji ɗaya ya riga ya iya karatu, wanda kuma ake biya masa darasi bayan an tashi, zai ci jarrabawa ko da malaminsa ba wani gwani ba ne, makarantar kuma ta kwashe yabon. Abin da ya fi nuna aikin makaranta shi ne yawan ci gaban da yaro ya samu daga inda ya fara. Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya auna wannan a shekarar 2017, ya tarar cewa ɗaliban makarantun gwamnati na birnin Shikago, waɗanda akasarinsu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma matsakaicin makinsu yana ƙasa da na ƙasa baki ɗaya, suna samun ilimin kusan shekara shida a cikin shekara biyar tsakanin aji uku da aji takwas, abin da ya zarce na garuruwa masu arziki da yawa. Don adalci, GreatSchools ta gyara lissafinta a 'yan shekarun nan ta ƙara wa ma'aunin ci gaba nauyi, ita ma Maryland tun 2018 tana raba wa makarantunta taurari daga ɗaya zuwa biyar bisa ma'aunai daban-daban. Sai dai mai neman gida da tsakar dare lambar da ke saman shafi yake gani, ba kasafai yake buɗe abin da ke ƙarƙashinta ba.

Kaka ce kuma ta sa na fahimci cewa taswirar da muke dubawa da hannu aka zana ta. A shekarun 1930 wata hukumar tarayya mai ba da lamunin gidaje ta zana taswirar birane fiye da 200, ta shafa jan launi a unguwannin da ta ce ba da bashi a cikinsu kasada ne, kuma kusan duk inda baƙar fata suke zaune jan launin ya hau kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka shiga gina garuruwan bayan birni da lamunin da gwamnati ta tsaya wa, sai aka rufe wa baƙar fata ƙofa. Levittown ta jihar New York, wadda aka fara ginawa a 1947 har ta kai gidaje fiye da 17,000, a rubuce take a cikin yarjejeniyar gidajenta na farko cewa wanda ba farar fata ba ba zai zauna ba sai dai in ɗan aiki ne. Dokar da ta haramta wariya wajen sayarwa da hayar gidaje ba ta zo ba sai a watan Afrilun 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King. Kafin nan an riga an raba gidajen, darajarsu ta hau, an bar wa 'ya'ya gado. Ta fuskar makarantu, hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1954 ya soke raba ɗalibai bisa launin fata, amma a 1974, a shari'ar da ta taso daga birnin Detroit, Kotun Ƙoli ta ce ba za a tilasta wa garuruwan kewaye su haɗa ɗalibansu da na birni ba matuƙar ba a tabbatar su ma sun yi wariyar da gangan ba. Thurgood Marshall, haifaffen Baltimore, wanda shi ne lauyan da ya ci shari'ar 1954 kafin ya zama alƙali a kotun, yana cikin huɗun da suka ƙi amincewa. Daga wannan hukunci iyakar gari ta zama katanga, duk mai hali ya tsallake ta ya huta.

Wannan tarihi ne ya sa dillalinmu ya ƙi amsa tambayar da na fi son ya amsa. Da na ce masa ya gaya mini wace unguwa ce ta fi cuɗanya, kuma wace makaranta ce mutane irinmu suka fi jin daɗinta, sai ya ba ni haƙuri ya ce doka ta hana shi karkata mai saye zuwa wata unguwa saboda launinsa ko addininsa ko asalinsa, ya tura ni ga alƙaluman ƙidayar jama'a. Na ji haushi a lokacin, daga baya na ga hikimar dokar. A shekarar 2019 jaridar Newsday ta wallafa binciken da ta yi shekara uku tana gudanarwa a yankin Long Island na jihar New York, inda ta riƙa tura masu saye na gwaji biyu-biyu, kuɗinsu ɗaya, buƙatarsu ɗaya, launinsu ne kawai ya bambanta, sai ta tarar an nuna wa baƙar fata bambanci a kusan rabin gwaje-gwajen. Kuma maganar makaranta tana cikin hanyoyin da ake bi a faɗa wa farar fata inda ya kamata su guje wa ba tare da an ambaci launi ba.

Alƙaluman ƙidayar sun kai mu gundumar Montgomery, wadda garuruwanta irin su Silver Spring da Gaithersburg da Germantown suke yawan fitowa a sahun gaba duk lokacin da aka jera garuruwan Amurka mafiya cuɗanya. Gaskiya ne kuwa, a kan titi ɗaya za ka ji Amharanci da Sifaniyanci da Faransanci da Sinanci, ga 'yan Habasha, ga 'yan El Salvador, ga 'yan Indiya, ga mutanen Afirka ta Yamma. Amma alƙaluman gari na kwana ne, suna ƙirga waɗanda suke barci a cikin iyakarsa, ba su cewa komai a kan wa yake zama da wa. Gari yana iya zama kashi huɗu daidai a takarda, amma kowane kashi yana gefensa, masu gidajen kansu a yamma, 'yan haya a gabas, kowa da makarantarsa ta firamare. Zaman 'yan marina ke nan, wuri ɗaya ake, amma kowa da inda ya sa gaba.

Ranar da abin ya fito mini fili ita ce ranar da muka ziyarci wata makarantar tsakiya, wato ta 'yan aji shida zuwa takwas, a wani gari da ba zan ambata ba. Makinta 9, alƙalumanta na cuɗanya kuma abin sha'awa, har mun fara lissafin bashin gida a unguwar. A farfajiya da wurin cin abinci mun ga yara launi-launi kamar yadda takarda ta faɗa. Kaka ta riga ta gargaɗe mu cewa kada mu yarda a tsaya da mu a ɗakin karatu da filin wasa, mu roƙi a leƙa da mu ajin lissafi na haziƙai, sannan na kowa da kowa. Mai ɗakina ta roƙa, aka ɗan yi jim, aka kai mu. A ajin farko na ƙirga yara 28, baƙar fata biyu ne a ciki. Ƙofa uku daga nan, a ajin lissafi na gama-gari, sai lissafin ya juye. Gini ɗaya, shugaba ɗaya, ƙararrawa ɗaya, amma makarantu biyu ne a ciki. Da muka tambayi yadda ake zaɓen yaran ajin farko, aka ce mana da shawarar malamin firamare ne, wani lokaci kuma iyaye sukan nema da kansu. Muna fita mai ɗakina ta ce kyan ɗan maciji ne.

Wannan rabo ba ƙaramin abu ba ne, domin lissafi a nan tsani ne mai hawa-hawa. Yaron da bai yi aljabara a aji takwas ba da wuya ya kai ga kalkulas, wato lissafi mai zurfi, a aji goma sha biyu, ajin ƙarshe na sakandare, kuma manyan jami'o'i suna duba ko ɗalibi ya ɗauki darussa mafiya wuya da makarantarsa take bayarwa, irin darussan AP waɗanda suke daidai da na shekarar farko a jami'a. Hukuncin da wani malami ya yanke a kan yarinya 'yar shekara goma yana iya bin ta har ƙofar jami'a. Kuma an gwada an gani cewa hanyar zaɓen tana da tasiri. A gundumar Broward ta jihar Florida, a shekarar 2005 aka fara yi wa kowane ɗan aji biyu gwajin hazaƙa maimakon a jira malami ko uba ya gabatar da shi, kuma masana tattalin arziki David Card da Laura Giuliano sun nuna cewa yawan baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka da aka gano haziƙai ne ya ƙaru sosai. Da aka dakatar da gwajin bayan 'yan shekaru saboda ƙarancin kuɗi, adadin ya koma inda yake. Ashe yaran suna nan tun da can, ido ne bai kai kansu ba. Ko garuruwan da suka yi suna wajen ƙoƙari ba su tsira daga wannan ba. Shaker Heights, kusa da Cleveland, mazaunanta sun fara shirya kansu tun ƙarshen shekarun 1950 don farare da baƙaƙe su zauna tare, amma shekaru da dama bayan haka azuzuwan sama na makarantunta farare ne suka cika su, har sai da hukumar makarantun garin ta haɗe da yawa daga cikin azuzuwan a shekarar 2020, kuma iyaye suka rabu biyu a kan matakin.

Daga nan muka sauya tambayoyinmu. Ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Ilimi ta tarayya yana tattara alƙaluma daga kowace makarantar gwamnati, kuma kowa yana iya duba su kyauta, ciki har da waɗanda suke ajin haziƙai da waɗanda aka dakatar daga makaranta, an rarraba su bisa launi. Na riƙa kwatanta kason baƙar fata a makaranta baki ɗaya da kasonsu a azuzuwan sama, sannan da kasonsu a cikin waɗanda aka dakatar. Na ƙarshen ya fi taɓa ni saboda ɗana namiji. Alƙaluman shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012 sun nuna cewa a faɗin ƙasar ana dakatar da ɗalibai baƙar fata ko korarsu ninki uku na farare. Mu da muka zo daga Afirka muna da wata ɗabi'a ta ɗaukar kanmu daban, muna ganin waɗannan alƙaluma na wasu ne, tarbiyyar gidanmu za ta kare namu. Amma a takardar rajista akwati ɗaya ake yi wa ɗana alama da jikan Kaka, kuma malamin da ya gan shi yana guje-guje a baranda ba zai tsaya tambayar inda aka haifi ubansa ba. Ƙofar da muke shiga muna zaɓen gari yadda muke so ma su Kaka ne suka buɗe ta da wahalarsu.

Akwai kuma wani abu da ya kamata in faɗa a kan kaina. A cikin alƙaluman kowace makaranta akwai kason yaran da ake ciyarwa kyauta ko a rangwame, wanda shi ne ma'aunin talauci da aka saba amfani da shi. Na lura duk lokacin da na ga wannan adadi ya haura kashi 30 cikin 100 sai in rufe shafin ba tare da na karanta sauran ba. Wata rana mai ɗakina tana bayana ta gani, ta ce: "Abban yara, wai cuɗanyar da muke nema ta launi ce kawai, ban da ta aljihu?" Ban samu amsa ba. Abin da nake so a zuciyata shi ne 'ya'yan likitoci da injiniyoyi daga ƙasashe ashirin, in kira wannan cuɗanya, alhali gida ɗaya ne aka yi masa fenti kala-kala. Ba zan ce tsoron nawa ba shi da tushe gaba ɗaya ba. Gundumar Montgomery tun tsakiyar shekarun 1970 tana da dokar da ta wajabta wa masu gina manyan rukunin gidaje su ware kashi 12.5 zuwa 15 cikin 100 ga masu ƙaramin ƙarfi, abin da ya watsa iyalai talakawa a unguwannin masu hali. Heather Schwartz ta bi diddigin yara kusan 850 daga irin waɗannan iyalai, ta wallafa sakamakon a 2010, inda ta nuna cewa waɗanda suka faɗa makarantun da talauci bai yi yawa ba sun rage tazarar lissafi tsakaninsu da sauran ɗalibai da kusan rabi kafin su gama firamare, sun kuma zarce takwarorinsu da ke makarantun da aka ƙara wa kuɗi amma talauci ya taru a cikinsu. Abin da na ɗauka daga nan shi ne taruwar talauci wuri ɗaya ita ce take nauyaya wa makaranta, kuma wannan taruwa tana faruwa ne saboda mutane irina suna rufe shafi da zarar sun ga kashi 30.

Mun daɗe muna duba gundumar Prince George's, wadda baƙar fata suka fi yawa a cikinta, kuma ta daɗe tana cikin mafiya arziki a irin waɗannan gundumomi. Garin Bowie ya ba ni mamaki, domin kamfanin Levitt, wanda ya gina Levittown, shi ne ya gina babban ɓangarensa a farkon shekarun 1960, ya ƙi sayar wa baƙar fata har aka yi zanga-zanga a 1963, yau kuma su ne mafiya yawa a garin. Akwai natsuwar da mutum yake ji a wurin da likita da alƙali da shugaban makaranta duk kamanninsa ne, kuma mai ɗakina ta so mu tsaya nan. Abin da ya hana shi ne rabin sharaɗinmu na biyu, domin a unguwannin da kuɗinmu ya kai makarantun kusan launi ɗaya ne. Ina zargin kaina cewa lambar nan ta saman shafi ma ta yi aikinta a ɓoye, duk da na yi iƙirarin na daina kallonta.

A ƙarshe Columbia muka zaɓa, a gundumar Howard, tsakanin Washinton da Baltimore. Wani mai gine-gine, James Rouse, shi ya tsara garin daga tushe, aka buɗe shi a 1967, ya kuma sayar wa kowane launi gida tun kafin dokar 1968 ta tilasta haka. Ya kasa shi ƙauyuka goma, kowanne da 'yar kasuwarsa da makarantunsa, ya cakuɗa benayen haya da gidajen jere da gidajen da ke tsaye su kaɗai a unguwa ɗaya, ya kuma tanadi cibiyoyin ibada da mabiya addinai daban-daban suke amfani da su tare. Yau mutanen garin sun haura 100,000. Tun 2016 hukumar makarantun gundumar ta fara ba ɗalibai hutu a ranar Babbar Sallah da ranar Diwali, bikin mabiya addinin Hindu, da kuma sabuwar shekarar mutanen gabashin Asiya, abin da na ɗauka alama ce ta cewa iyayen waɗannan al'ummomi suna zuwa taro ana kuma jin muryarsu. Garin yana da nasa nauyin. Jirgin ƙasa na Metro bai kai can ba, ga cunkoson babbar hanya mai lamba 29 safe da yamma, ga kuɗin shekara da mai gida yake biyan ƙungiyar da ke kula da wuraren ninkaya da hanyoyin ƙafa bayan harajin gunduma. Mafarkin Rouse ma bai cika duka ba, domin tsofaffin ƙauyukan sun fi tara masu ƙaramin ƙarfi, sababbin da ke yamma kuma sun fi tsada. A 2019, da aka kawo shawarar sake zana iyakokin makarantu don a rage wannan tazara, iyaye sun fito zanga-zanga, an yi muhawara mai zafi na watanni, kafin hukumar ta amince a sauya wa ɗalibai fiye da 5,000 makaranta. Wannan rikici bai kore ni ba, domin na fi amincewa da garin da yake faɗa a kan matsalar a bainar jama'a fiye da wanda ya lulluɓe ta da lamba 9.

A ɗaya daga cikin tsofaffin ƙauyukan muka sayi gidan jere mai ɗaki uku. Makarantar tsakiyar unguwar makinta 6 ne a lokacin, kuma yaran da ake ciyarwa kyauta sun haura adadin da a da yake sa ni rufe shafi. Abin da ya ja mu shi ne da muka yi tambayar nan ta ajin lissafi, shugabar ba ta kai mu filin wasa ba. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mana adadin, ta ce tazarar tana nan ba ta rufe ba, ta faɗi abin da suka gwada da abin da bai yi aiki ba. Ajin da muka leƙa bai yi daidai da farfajiya ba, amma ya yi kusa da ita fiye da duk wanda muka gani, kuma mai koyarwar baƙar fata ce, a ƙasar da kusan kashi 80 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati farare ne. Mun kuma tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi mun yi hira da iyaye huɗu ko biyar, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Biyu sun koka da yawan yara a aji, ɗaya ta koka da motar makaranta, babu wanda ya ce zai tashi.

Yanzu shekararmu ta biyu ke nan. 'Yarmu ta shiga ajin lissafi na sama bayan gwajin da aka yi mata, ƙawayenta na kusa uku ne, ɗaya iyayenta 'yan Koriya ne, ɗaya jikar mutanen da suka sayi gida a garin tun zamanin Rouse, ta ukun kuma tana zaune da mahaifiyarta a benen haya da ke bayan layinmu. Muna sane cewa ana iya sake zana iyaka kafin ƙanenta ya kai aji shida. Mai ɗakina ta shiga ƙungiyar iyaye da malamai, kuma da ta dawo daga taron farko ta ce ta ƙirga iyaye 23 a ɗakin, babu ko ɗaya daga benayen hayar. Ana yin taron ne ƙarfe huɗu na yamma ranar Talata, lokacin da uwar ƙawar 'yarmu take bakin aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Ta rubuta takarda tana neman a mayar da shi ƙarfe bakwai, kuma an sa maganar a cikin abubuwan da za a tattauna a zama na gaba.